Yayana ya ɓatar da fasfonshi a Guanzu, jirgi saura kwana takwas, me za mu yi?

Wani yaro daga unguwar Ali Ɗan Sofo ya turo min tambaya jiya da dare. Ya ce yayanshi ya tahi Guanzu ta ƙasar Sin sarin kaya, kayan gyaran babur da fitilun sola, ranar Talata ya buɗe ƴar jakar da yake ratayawa ya ga babu fasfo, biyen dawowa saura kwana takwas, bizar ma ta kusa ƙarewa. Gida duk hankali ya tashi, tsohuwarsu ko abinci ba ta iya ci. Kuma wai wani ya ce musu akwai mai iya gyara maganar can in an tura mishi kuɗi, shine yake tambaya su tura ko kar su tura.

To ƙanena, da farko dai Allah ya bayyana, Allah ya maido shi gida lahiya. Kuɗin nan kuma kar ku tura, ko dala. Na yi shekaru ina aiki a ajans ta tahiye-tahiye nan Maraɗi, na raka alhazai Makka na kuma yi ma ƴan kasuwarmu biza da biye ba adadi, irin wannan matsalar ta sha zuwa hannuna, kuma wallahi duk wanda na ga ya wahala sosai ba ɓatan fasfon ne ya wahalshe shi ba, abin da ya yi bayan ɓatan ne. Wani ya ɓuya a ɗaki yana jin tsoron polis har biza ta mutu, wani ya ba dillali kuɗi dillalin ya kashe waya.

Abin da nake so ka fara ganewa, kuma ka fahimtar da yayanka, shine abu biyu ne sunka ɓace tare cikin ɗan littahin nan. Na ɗaya shaidar cewa shi ɗan Nijar ne, sunanshi wane ɗan wane. Na biyu shaidar cewa ta ƙofa ya shiga ƙasar mutane, wato biza da tambarin da anka buga mishi a filin jirgi. Ta farkon ambasad ɗinmu ce kaɗai ke iya maido mishi ita. Ta biyun kuma hukumar shige da fice ta ƙasar Sin ce kaɗai. Babu wani mutum a Xiaobei, unguwar da ƴan Afirka ke taruwa a Guanzu, ko a kasuwar Maraɗi da ke da ikon ba da ko ɗaya daga ciki komi sanin mutanenshi. Mutanenmu da yawa suna samun takardar ambasad sai su ɗauka an gama su nuhi filin jirgi, a can a tare su a ce ina bizarka, jirgi ya tashi ya bar su. Shi ya sa jerin yadda ake bin ofisoshin nan yake da muhimmanci, in ka tsallake ɗaya sai ka dawo baya.

Kafin komi ya ba kanshi rabin yini ya nema da gaske, rabin yini kawai ba kwana uku ba. Ya zazzage akwati, ya duba aljihun rigunan da ya ba wanki, ya tambayi resafsiyon na otal don sau da yawa sukan karɓi fasfo su yi fotokofi a manta da shi cikin injin. Ya tuna inda ya hiddo shi na ƙarshe, wajen canjin kuɗi ne, wajen sayen sim ne, ko ofishin masu kargo. Wani alhajin da na sani ya kwana biyu yana kuka ashe fasfon na cikin injin fotokofi na masu auna mishi kaya. Dalilin da ya sa nake cewa a nema tukuna zan faɗe shi a gaba, yana da nauyi.

In bai gani ba sai komisariya mahi kusa da inda abin ya ɓace, ko mahi kusa da otal ɗinshi. Ya tahi da wanda ke jin Sinanci, tafintan da ke raka shi kasuwa ko wani daga otal, don a ƙananan ofisoshin polis ba lalle a samu mai Turanci ba balle Faransanci. Ya faɗi gaskiya yadda abin ya faru, in ɓacewa ya yi ya ce ɓacewa, in sata ce ya ce sata, kar ya ƙara gishiri don can ko'ina kamara ce za su iya dubawa. Za su ba shi ƴar takardar shaidar ya kai rahoto. Wannan takardar ba ita ce ƙarshe ba, da ita zai tahi babban ofishin shige da fice na ƴan sandan birnin, su ne za su ba shi ainihin takardar shaidar ɓatan fasfo mai hotonshi. Wa'adinta kwana 30 ne, kuma cikin kwana 30 ɗin nan ake so ya samo sabuwar takarda daga ambasad ya dawo musu da ita. Ya riƙe ta kamar ranshi, don a ƙasar Sin ba ka kwana otal ba ka shiga jirgin ƙasa sai da fasfo, yanzu ita ce za ta tsaya mishi a madadin fasfon. Ya kuma roƙi otal su buga mishi takardar rajistar masauki, wadda doka ta ce a yi ma kowane baƙo cikin awa 24 da saukarshi, za a tambaye shi ita. Kuma otal ɗin na da kofin fasfonshi da bizarshi tun ranar da ya sauka, ya ce su ba shi, ko da bai taɓa ɗaukar hoton fasfon a waya ba ga shi ya samu.

Na san abin da ke hana mutanenmu zuwa, tsoro ne. Mutum na ganin in ya shiga komisariya ba takarda kama shi za a yi. Ƙanena wanda ya kai kanshi da bizarshi da sauran rai, baƙo ne da tsautsayi ya samu, a kwamfuta suna ganin ranar da ya shigo da hoton yatsunshi da anka ɗauka a filin jirgi. Wanda anka tare a hanya ba fasfo ba takardar rahoto biza kuma ta mutu, wannan shi ne mai laihi. Dokarsu ta shige da fice da ta fara aiki a 2013 ta ce wanda ya zarce wa'adi ana iya cin shi tarar yuwan 500 kowace rana har zuwa yuwan 10,000, ko a tsare shi kwana 5 zuwa 15. Kuma in anka kore ka da sunan laihi, komawa sarin kaya ta zama wahala shekaru. Mutumin da abincinshi ke Guanzu bai kamata ya yi wasa da wannan ba.

Ranar da ya kai rahoto, ranar zai kira ambasad ɗin Nijar da ke Bejin, kar ya jira sai ya gama da polis. Ya nemi sashen konsula, ya faɗi sunanshi kamar yadda yake a fasfo, lambar fasfon, ranar da jirginshi zai tashi da ranar da biza za ta ƙare. Su za su gaya mishi takardun da suke so, kuɗin da ake biya, da ko sai ya zo da ƙafarshi. Tsakanin Guanzu da Bejin kusan kilomita 2000 ne, wajen nisan Maraɗi zuwa Yamai sau uku, don haka in an ce ya zo to ya sa kuɗin mota da na kwana cikin lissahi. Lambar ambasad kuma ya ɗauko ta daga shahin ma'aikatar harkokin waje ko wajen shugabannin ƴan Nijar mazauna can, ba daga bakin wanda ya ce a turo kuɗi ba. Taimakon nan haƙƙinshi ne ba alfarma ba, yarjejeniyar Biyena ta 1963 kan aikin konsula ta sa ba ƴan ƙasa takardun tahiya cikin aikin kowane konsula, kuma ko tsare shi anka yi yana da ikon cewa a sanar da ambasad ɗinshi.

Abin da za su ba shi ba fasfo ba ne. Fasfonmu a Yamai ake buga shi wajen ƴan sandan DST masu kula da shige da fice, da ɗaukar hoto da yatsu, ba abin da za a yi cikin sati ɗaya daga Sin ba ne. Lesepase za su ba shi, takarda mai hotonshi da tambarin ambasad, ta tahiya ɗaya ce, daga inda yake zuwa gida, kuma kwanakinta ƙididdigaggu ne. Ba a yawo da ita, ba a cewa bari in biya Dubai in ƙarasa sayayya.

Nan ne aikinka kai da ke Maraɗi yake, kuma shi ne ya sa na zauna na rubuta wannan dogon bayani. Konsula ba zai buga ma mutum tambarin ƙasa don kawai ya ji yana Hausa ba. Bamaraɗe da Bakatsine bakinsu ɗaya, kamarsu ɗaya, sunayensu ɗaya, daga Ɗan Isa zuwa Jibiya ƴan mintoci ne, to da me zai bambance? Da takarda. Yau ɗin nan ka buɗe akwatin takardun yayanka ka hiddo takardar haihuwa ko jujuma in ita yake da ita, da nasiyonalite wadda kotu ta ba shi, da kartidantite in ya bar ta gida, da tsohon fasfo in akwai. Kar ka ɗauke su da waya a kan tabarma da inuwar hannunka a kai, ka kai wajen masu fotokofi su yi maka sikan mai kyau kowane tambari ya hito. Ka je ajans ɗin da ta yi mishi biza da biye, suna da kofin shahin farko na fasfon, ka ce su ba ka. Sannan ka zauna ka gwada rubutun sunan harafi da harafi. Mu nan mutum ɗaya sai ka ga takardar haihuwa ta ce Mahamane, kartidantite ta ce Mamane, biye ya ce Mahaman, ranar haihuwa kuma wata takarda ta ce wajen shekara kaza wata ta sa 1 ga Janairu. A gida ba mai damuwa, amma a can harafi ɗaya na iya tsaida mutum. Dole sunan da ke kan lesepase ya zo daidai da na biye da kuma na fasfon da ya shiga da shi, in ka ga bambanci ka gaya mishi tun yanzu ya nuna ma konsula kafin a buga.

Wajen turawa kuma ka tuna WhatsApp da Facebook ba sa aiki a Sin sai da dabara, WeChat ake yi, ko ka tura ta imel. Suna gabanmu da awa 7, ƙarfe 9 na sahe a can ƙarfe 2 na dare ne nan, ke nan abin da zai kai ofis gobe sai ka tura shi kafin ka kwanta yau. Asabar da Lahadi ofisoshi rufe suke, ambasad kuma tana hutun ƙasar da take da namu duka, irin su 3 ga Agusta da 18 ga Disamba. Wanda abin ya samu a satin farko na Oktoba ko lokacin sabuwar shekararsu sai haƙuri, kusan sati guda ba aiki. Hotuna ƴan ƙanana masu farin baya ya wanke da yawa tun yanzu, kowane ofis zai ce kawo.

In lesepase ta zo hannu sai ya koma ofishin shige da fice na Guanzu inda ya karɓi takardar ɓata, su buga mishi izinin zama na ƴan kwanaki da zai hita da shi. Wannan yakan ci kwanakin aiki kusan bakwai. Ka lissafa da kanka, polis, ambasad, sannan wannan, za ka ga kwana takwas ba za su isa ba sai wani ikon Allah. Ni shawarata kar ya tsaya yana fatan sa'a, ya kira kamfanin jirgin ko ajans tun yau a ɗaga ranar. Ɗaga biye kafin jirgi ya tashi ɗan kuɗi ne, in ya bari jirgi ya tahi ba shi to wani biyen ma ya ƙone gaba ɗaya sai sabo.

Akwai wani tarko da ya shahe mu mutanen Maraɗi musamman. Da yawanmu ta Kano muke tashi don ta hi kusa, a bi Ɗan Isa, Katsina, a hau jirgi a filin Malam Aminu Kano. In biyen yayanka na dawowa Kano ne, ya faɗa ma konsula tun farko, don lesepase ta komawa Nijar ce, ma'aikacin jirgi na iya duba ta ya ce wannan takarda ta ce Nijar biye kuma ya ce Najeriya, ba za ka hau ba. Kamfanonin jirgi ana cin su tara in sunka ɗauko wanda ƙasa ta ƙi karɓa shi ya sa ba sa sassauci. Abin da ya hi kwanciyar hankali a maida biyen Yamai, ta Adis Ababa ko Istambul, ya zauna cikin filin jirgi wajen canji kar ya ce zai hita gari, ya sauka Diori Hamani ya hau bas ya taho gida. Ya kuma duba karnenshi, katin rigakahin shawara, mutanenmu cikin fasfo suke soke shi su ɓace tare, in yana da hotonshi a waya ya ajiye kusa.

Maganar kuɗi, kar ku tura da sunanshi ta Western Union ko makamancinta, ba fasfo ba za a ba shi ba. Ku bi ta hannun ɗan kasuwar da kunka sani ido da ido, wanda ke da shago nan Maraɗi da wakili can, yadda dai ake biyan kuɗin kaya. Kuma duk abin da ya biya a ofis ya karɓi rasi. Kayanshi da ya riga ya saya ba ruwansu da fasfo, ya ba masu kargo ya karɓi takardarshi su taho, kar ya zauna gadin kaya lokaci na tahiya.

Yanzu dalilin da na ce a nema sosai kafin a kai rahoto. Daga ranar da anka rubuta fasfo cikin ɓatattu, ya mutu. Ƴan sandan duniya Interpol suna da rumbun lambobin fasfon da anka sace ko sunka ɓace tun 2002, ƙasashe na zuba lambobi ciki filayen jirgi na dubawa. In bayan kwana uku wani ya tsinto fasfon ya kawo, kar yayanka ya ce alhamdu lillahi ya sa aljihu ya nuhi filin jirgi kamar ba a yi komi ba. Ya koma ofishin da ya kai rahoto da shi, ya kuma sanar da ambasad, su za su ce mishi ga abin yi. Na ga wata hajiya da ta yi rahoton ɓata, ta tsinci fasfonta cikin zanen gado, ta yi shiru, shekara ta zagayo ta tashi umara anka tsaida ta a filin jirgi jama'arta sunka wuce, har yau in na tuna kukanta raina ɓaci yake. Rahoton kuma kariya ce gare shi, in ɓarawo ya sayar da fasfon wani ya aikata ɓarna da sunanshi, takardar polis mai kwanan wata ita ce za ta wanke shi.

Wanda kuma zai ce mishi ga fasfon wani mai kama da kai ka hita da shi, ya guje shi ko ɗan uwanmu ne. Yanzu ba ido ke duba mutum ba, inji ne ke gwada fuska da yatsu, kuma wannan ba tara ba ce kaso ne.

Tunda wasu za su karanta da ba Sin za su ba, tsarin kusan ɗaya ne ko'ina. A Dubai polis, sannan ƙaramin ofishin jakadancinmu, sannan hukumar shige da fice ta ba da izinin hita. A Saudiya muna da ambasad a Riyad da konsula a Jidda, hukumar fasfonsu ita ce Jawazat, kuma hutunsu Juma'a da Asabar ne. Alhaji ko mai umara kar ya tahi ko'ina shi kaɗai, ya fara gaya ma jagoran ayarinshi da mutanen ajans ko na COHO, hukumar aikin haji da umara ta Nijar, don sau da yawa ma fasfon bai ɓace ba yana hannun masu masauki tare da na sauran jama'a. Kuma don Allah kar wani ya ce bari in miƙa kaina Tarhil, inda ake tara baƙin da za a kora gida, a kawo ni kyauta, yatsunka za a ɗauka a hana ka shiga shekaru. Masu bin ƙasa zuwa Kano, Kwatano ko Lome abin ya hi sauƙi, akwai konsula a Kano akwai ambasad a Abuja, amma tunda Nijar da Mali da Burkina sunka hita CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025 ni ina ba kowa shawara kar ya raina takarda a kan iyaka, ya yi rahoton ɓata a garin da abin ya faru, kuma kartidantite da fasfo kar su kwana jaka ɗaya.

In ya iso lahiya kar ya yar da ko ƙyallen takarda, ta polis ɗin Sin, kofin lesepase, rasi, duka ya haɗa. Zai yi deklarasiyon ɓata a komisariya nan gida ya haɗa da takardar haihuwa da nasiyonalite ya nemi sabon fasfo. Bizar da ke cikin tsohon ta tahi da shi, sai sabuwa, kuma ranar neman ta za su iya tambayar ina tsohon fasfo, takardun nan ne amsarshi.

Kai dai yau kafin magariba ka kai takardun nan a yi sikan ka tura, ka biya ajans maganar ɗaga biye da maida shi Yamai, shi kuma gobe da sassahe ya kama tafinta su tahi komisariya. Ka ce ma Inna ta ci abinci, ka haɗa ta da shi a waya ta ji muryarshi. In ambasad ta nemi wata takardar da ba ku gane ba ka sake rubuto min in gaya maka ofishin da ake samunta nan Maraɗi.